Ba Mai Duba Mini Ƙwallo, Buba

Zuwa ga aminina kuma abokin wasana, marigayi Samanja Buba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Ni ne Garba baduku na Ƙofar Dumi, Babarbaren da ka yi shekaru kana kira bawanka ni ma ina rama wa. Iyalinka suna lafiya. Nawa ma alhamdu lillahi.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma maganar da ke cikina ba ta da mai ji sai kai, don haka zan rubuta, masu leƙe su yi haƙuri, ba da su nake ba. Ka san rubutun nan da tsufana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, in ka ga ya karkace kada ka yi mamaki.

Ga labarin. Tsohuwa ta fashe, na sayi sabuwar sandar golf. Kada ka yi dariya tukuna. Tun da na saye ta nake shawara da zuciyata ko in bar filin nan gaba ɗaya, domin idona ya ƙara lalacewa bayan tafiyarka, kuma kai ne mai duba mini ƙwallo.

Ka tuna yadda aka fara. Kana ƙaramin soja a barikin Shadawanka wani hafsa ya aiko ka da jakar sandunansa, maɗauri ya tsinke, aka nuno maka rumfata. Na ɗinke maɗaurin. Na ga mariƙin sandunan duk sun yi santsi, sai na naɗe ɗaya da jar fatar akuya ba tare da ka ce ba. Washegari ka dawo da sauran. Na tambaye ka me ake yi da waɗannan sanduna, ka ce manya ne ke korar ɗan ƙwallo a daji har ya faɗa rami. Na ce to ai mahaukata ne. Ka ce in zo Asabar in gani. Na zo don in yi dariya, ban ƙara barin wurin ba.

'Yan unguwa sun sha yi da ni. In na ɗaure jaka a bayan keke sai ka ji ana cewa ga Baturen Ƙofar Dumi za shi kiwo. Ban taɓa tanka musu ba. Su ba su san daɗin da mutum ke ji ba idan ya bugi ƙwallo ya tsaya yana kallonsa yana ƙanƙancewa a sama ta wajen duwatsu.

Hafsan nan ne ya yar da Tsohuwa lokacin da sanduna masu kan ƙarfe suka shigo. Ita ce direba, sandar da ake buɗe dogon rami da ita, wadda ta fi kowace tsawo a jaka. Kanta itace ne, wuyanta ya tsage. Ka kawo mini ita ka ce ga rabon Babarbare. Na ɗaure wuyan da zare mai kaki, na shafe kan da man kaɗe, na naɗa mata fata. Kowace damina sai na sake ɗaurin. Ba ta da nisa, amma ba ta ƙarya. Inda ta ajiye ƙwallo bara, nan za ta ajiye shi bana.

Kai bahago ne, saboda haka in muna gwada hannu kafin a fara, fuskantar juna muke yi kamar masu shirin dambe. Har yau in na tsaya a wurin buɗewa ina jin akwai mutum a gabana.

Da yanar ido ta fara rufe mini gani ban faɗa wa kowa ba. Kai ka gane. Wata rana na buga, na nufi hagu da ƙarfina, alhali ƙwallon yana dama. Asabar ta gaba kawai sai na ji ka koma bayana ka tsaya, ka riƙe sandarka a kafaɗa irin riƙon makiyaya. Na buga, ka ce, “Dama kaɗan, gindin ɗorawa.” Daga nan ya zama aikinka.

In ya tafi daidai sai ka ce, “Tsakiya, Babarbare, yau ka ci abinci.” In ya shiga daji kuma, “Ya tafi gaida shanun kawuna.” Da muryarka nake ganin filin nan, Buba. Ni dai nawa in buga, in tsaya da sanda a wuya, in jira ka yi magana.

Abu biyu ka dame ni da su har ka koma ga Allah: in canza sanda, in je a cire mini yana. Duka na ƙi. Kana cewa, “Sanda ta tsufa, ido ya tsufa, mai su ya fi su taurin kai.” Ni kuma in ce in an gyara mini ido kai wane aiki za ka yi, tun da an sallame ka daga soja? Ka san dalilina na gaskiya. Kawuna Modu ya je wurin masu kwasar yana a kasuwa yana ganin dishi-dishi, ya dawo bai ƙara ganin rana ba, ni na riƙa ja masa gora zuwa masallaci. Ka sha gaya mini cewa na asibiti daban ne. Na ce ido dai ɗaya ne, wuƙa ma ɗaya ce.

Ciwonka bai daɗe ba. Da na zo duba ka kana kwance ka rame, abin da ka fara tambaya shi ne ko na shafa wa Tsohuwa mai, don damina ta kusa. Na ce na shafa. Ka ce to madalla, ka rufe ido kamar an sauke maka wani nauyi. Ranar da ka cika, bayan azahar aka kai ka makwancinka. Jama'a ta taru, tsofaffin sojoji da danginka na ruga da mutanen fili. Ana ta miƙo mini hannu, ni kuwa ba na gane fuskar kowa sai ya yi magana.

Bayan an yi addu'ar arba'in na koma fili. Da sassafe nake zuwa, kafin masu motoci su iso, don kada in tsare wa kowa hanya. Kuma ka san abin mamaki? Na iya. Tsohuwa ce ta rufa mini asiri. In ta yi ƙara mai nauyi a hannuna, sai in miƙe kai tsaye zuwa gaban tsamiyar nan, in sunkuya in tsinci ƙwallona. In ta yi ƙara sama-sama, na san dama ne, wajen tsohon surin gara. Ƙafata ta san wuraren. Na ce a raina ashe zan iya ƙarasa sauran kwanana haka, ni da ita, ba sai na roƙi kowa ba.

A farkon damina ta fashe. Ba wani bugu mai ƙarfi na yi ba. Na ji ƙarar da ban taɓa ji ba, irin ta busasshen reshe, na shafa kan sai yatsana ya shiga cikin tsaga. Ta rabe bisa jijiyar itacen tun daga fuska har ƙeya. Na zauna a ƙasa nan wurin. Ban yi kuka a maƙabarta ba, kai shaida ne, amma ranar na yi, ba kowa sai balbelu. Na naɗe ta a rigata na kawo gida. Na gwada gam, na gwada zare, na gwada ƙusa siririya. Ba abin da ya riƙe. Tana nan a saman rumfata.

Ɗanka Usmanu, malamin nan na Yelwa, ya ji labari. Ya zo da yamma ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye jakarka a gabana, ya ce ba wanda ya fi ni cancanta da ita. Na zaro direbanka. Fatar da na naɗa maka tana nan, har da gurbin babban yatsanka inda ta lotsa ta yi baƙi. Na sa yatsana a gurbin bai zauna ba. Na tsaya da ita a tsakar gida, fuskarta tana kallon baya. Sai a lokacin ni da yaron muka tuna kai bahago ne. Muka yi dariya, dariyar ta ƙare ba daɗi. Na ce ya mayar ya ajiye wa 'ya'yansa, wataƙila a samu wanda ya gado ka.

Shi ne ya matsa sai na sayi sabuwa. Akwai wani mutum da ke zuwa fili da sanduna a bayan motarsa, sabbi da na hannu. Usmanu ya kai ni wurinsa wata Asabar. Buba, ka ga kawunan sandunan yanzu? Kamar ƙoƙon shan fura. Na ɗaga ɗaya na zaci wasa ake yi mini, don ba ta fi karan dawa nauyi ba. Na ƙwanƙwasa kan da farce na ji ciki fanko. Na ce wa mutumin wannan ai tulu ne aka sa wa ƙota.

Mutumin yana da haƙuri. Ya yi ta bayani, wai wannan fuskarta ta fi kishingiɗa don ƙwallo ya tashi sama, waccan kuma ta fi miƙewa don masu ƙarfi. Wai ƙotar ma iri-iri ce, akwai mai tauri akwai mai laushi. Ya dube ni ya miƙo mini mai laushi, ya ce ita ce ta dattawa. Ka san halina. Na ajiye ta ban ko kaɗa ba, na ce ya ba ni mafi tauri a motar. Hannun da ya yi shekaru yana jan fata shi za a ba sandar dattawa? Na rufe ido ina laluba su ɗaya bayan ɗaya yadda nake zaɓen fata a majema, na tsayar da wata baƙa mai tauri kamar taɓarya, don ita ce ta fi kusa da Tsohuwa a hannu.

Sai Usmanu ya matso kusa da kunnena, a hankali don kada mai sanduna ya ji, ya ce, “Baba, ai ta mahaifina ma mai laushi ce. Ya daɗe da canzawa.” Na ce ƙarya ne. Ya ce wallahi shi ya rako ka ka saya, ka ce kada a gaya wa Babarbare don ba za ka ƙara shan ruwa a filin nan ba. Buba! Shekara da shekaru kana wuce ni da nisa kana cewa nonon shanu ne, ashe sandar dattawa ce a hannunka. Ni da na naɗa mata fata ma ban lura ba. Na tsaya ina jin haushinka, ina jin kewarka, ban san wanne ya fi ba. Na ajiye baƙar, na ɗauki mai laushin.

Ba mu shirya da ita da wuri ba. Ta fi Tsohuwa tsawo, don haka sai na ja baya, in na ja baya kuma sai in ji kamar ƙwallon na maƙwabci ne. Ba ta da nauyi, hannuna yana riga kanta isowa. Ƙararta kuwa, kamar yaro ya jefi langa da dutse. In na buga ina jin kunya, ina waige ko wani ya ji. Na saba ɗora ƙwallo ƙasa-ƙasa a kan ɗan tsinke, ita kuma wai sai an ɗaga shi sama har rabinsa ya leƙo bisa kanta. Na ƙi ɗagawa. Sai ƙwallon ya riƙa gudu a ƙasa kamar ɓera, ba ya ko kai rabin hanyar tsamiya.

Na ce to zan gyara ta. Na kai ta maƙerar Ɗanladi, maƙwabcin rumfata, wanda kuke tsokanar juna da shi duk lokacin da ka zo. Na ce ya rage mini tsawonta daidai da Tsohuwa. Ya juya ta, ya lanƙwasa, ya shinshina, ya ce wannan ba ƙarfe ba ce ba itace ba ce, shi ba ya sa zarto a abin da bai san ubansa ba. Na ce to ya narka mini dalma. Ya narka, ya buga ta fale-fale. Na naɗa dalmar a wuyan sandar, na rufe da fata, na ɗinke tsaf yadda ba mai ganewa. Na ɗora Tsohuwa a hannu ɗaya, sabuwar a ɗaya, na yi ta ƙara dalma har suka yi daidai. Ranar na kwana da murna.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Ƙotar mai laushi ce, ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba. In na kaɗa sai kan ya tsaya a baya yana jan ƙafa, ƙwallon ya fita dama kamar an kore shi. Na ƙara ƙarfi don in riƙe ta, ta ƙara ƙi. Ban daina ba sai da kafaɗata ta riƙe, har ɗaga hannu a kabbara ya zama aiki. 'Yata Hajara ta zo ta same ni ina gasa kafaɗa da ruwan zafi, ta ce wallahi sai ta ɓoye jakar. Na ce ta taɓa ta gani.

Ina kwance ina jinya na fahimci abin da nake yi. Ba gyara ta nake ba. So nake in mai da ita Tsohuwa, ita kuwa ba za ta zama ba ko da na narka mata dalmar Bauchi duka. Da na samu sauƙi na sa wuƙa na farke ɗinkin da hannuna, na ɓare dalmar na mayar wa Ɗanladi. Fatar mariƙi kawai na bar mata, don roba ba ta zama a tafina.

Sai na fara bin ta yadda take so. Na ɗaga tsinken. Na matsar da ƙwallon wajen ƙafar hagu kamar yadda mai sanduna ya faɗa tun farko na ƙi ji. Na rage sauri. Na tuna abin da kake cewa in na yi gaggawa: “Kana dukan ƙwallon nan kamar ya zagi ubanka.” Tsohuwa tana son a ja ta da ƙarfi, wannan kuwa jira take so. Ka ɗaga ta, ka ɗan dakata a sama kamar mai jiran liman ya ɗago, sannan ka bar ta ta sauko da kanta. Ni da ban taɓa jiran kowa ba a rayuwata, ga ni da furfura ina koyon jiran sanda.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Wata safiya bayan an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, ciyawa tana ƙamshi, na tsaya a ramin farko. Na ɗaga, na jira, na sake ta. Buba, ban ji komai a hannuna ba. Kamar iska na buga. Ƙarar ma ba ta langa ba ce ranar, siririya ce mai tsabta, ta tafi ta bar kunnena yana amo. Jikina duka ya san ban taɓa bugu irin wannan ba tun da ka kawo ni filin nan. Na tsaya da sanda a wuya. Bakina ya riga hankalina, na ce da ƙarfi, “Ina ya yi, Buba?”

Na jima a tsaye a haka.

Na sauke sandar na tafi gaban tsamiya, inda ƙafata ta sani. Babu. Na wuce gaba, na shiga wurin da ban taɓa tsayawa ba sai dai in ratsa, wurin da kai kake tsintar naka. Ban san ko duwatsun wurin ba. Na yi ta zagaye ina sunkuyawa a kan duk wani abu fari, na ɗauki kashin balbela, na ɗauki ɓawon ƙwai, na ɗauki guntun leda. Rana ta ɗaga, masu motoci suka iso, na ji su a baya suna jira. Na ɗaga musu hannu su wuce, na yi kamar ƙaya nake cirewa a takalmi. Wani ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce lafiya lau. Bugu mafi kyau a rayuwata, ba wanda ya gani, ni ma ban gani ba, kuma har yau ban san inda ya sauka ba.

Haka aka ci gaba. In na yi kuskure ina tsintar ƙwallona, don ba ya nisa. In na buga daidai sai ya ɓata. Kullum hannuna yana ƙara sabawa da ita, kullum jakata tana ƙara zama fanko. Ka ga irin wannan abu? Da ka ce in canza sanda ba ka gaya mini za ta kai ƙwallo inda idona ba ya kai ba. Ko da yake ba laifinka, kai a lissafinka kana nan a bayana.

Na gwada yi mata rowa. Na riƙa rage hannu da gangan don ta ajiye mini shi gaban tsamiya kamar da. Wani lokaci ta yarda. Amma sai in dawo gida raina a ɓace, kamar wanda ya ɗaure wa doki ƙafa don ya yi tafiyar jaki. Na riga na ɗanɗana abin da take iyawa, ba zan iya yi wa kaina ƙarya ba.

Usmanu ya ce zai nema mini mai ɗaukar jaka ya riƙa duba mini. Na gode masa na ƙi. Wanda aka ɗauka aiki zai ce mini ya yi kyau Baba, ko da ƙwallon ya faɗa gonar gyaɗa. Ni ba yabo nake nema ba. Wa zai zage ni in na yi gaggawa? Wa zai ce mini bawansa?

Na daina zuwa na ɗan lokaci. Asabar ta yi in zauna a rumfa ina ɗinkin da ba na gani sosai, ina jin masu keke suna wucewa. Na ce shi ke nan, an gama, dama wasan na mutum biyu ne. Amma zaman bai karɓe ni ba. Duk abin da na riƙe naka a can yake. A gida ba ni da komai naka, ko hoto, don ka san ban yarda da hoto ba. A fili kuwa na san inda ka zame ka faɗi a taɓo ka ce atisaye kake, na san dutsen da muke zama mu ci goro, na san inda muke shimfiɗa rawaninka mu yi la'asar. Yaran da ke wasa yanzu ba su san ko ɗaya ba. In na daina zuwa, ba sauran mai wucewa ta wuraren nan ya ce Allah Ya jiƙan Samanja.

Saboda haka na kira Hajara na ce ta kai ni asibitin ido. Ta ce in maimaita. Mun je. Likitar mace ce, sa'ar 'yar cikina, ta haska mini fitila ta ce yanar ta nuna, ido ɗaya za a fara, ɗayan daga baya. Na gaya mata labarin Kawu Modu, ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba. An sa mini rana, mako mai zuwa ne. Ka yi shekaru kana roƙona na ƙi, sai ga sandar da ba ta da baki ta sa na yarda. Na san da kana nan sai ka yi wata guda kana yi mini gori, kuma da na bar ka ka yi.

Ina jin tsoro, Buba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba wuƙar ce ta fi ba ni tsoro yanzu ba. Ka ga, a yadda nake, in na waiga bayan na buga, hazo nake gani. Bishiya da mutum duk ɗaya suke a wurina. Sau da yawa nakan ga wani dogon abu a tsaye can bayana, in bar shi a haka, ba na matsawa in tabbatar. In aka wanke mini ido zan ga ƙwallona har inda ya sauka, zan ga tsamiya da ganyenta, zan ga duwatsu. Sannan zan waiga in ga wurin tas, ba kowa. Tun da aka binne ka ban ga da idona cewa ba ka nan ba. Mako mai zuwa zan gani.

Duk da haka zan je. Na ba Hajara alkawari, kuma sandar tana jingine a bakin ƙofa.

Allah Ya jiƙanka, Buba. Allah Ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa iyalinka su ci gaba da zama cikin rufin asiri. Allah Ya saka maka da alheri a kan kowace safiya da ka tsaya a bayana ba ka gaji ba. Ni kuma Allah Ya ba ni ikon ɗaukar abin da zan gani. In tawa ta zo Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam. Naka har gobe,
Garba baduku,
Ƙofar Dumi, Bauchi.